Kaffarar Tsohon Masinja

Ƙamshin man shanu da aka narka a kan miyar kuka shi ne ke fara zo mini duk lokacin da na tuna ranar. Sai ƙarar akusa ana wanke su a gindin randa, itace na taɓa itace. Namu shida ne, Inna ta aike ni maƙwabta na aro huɗu, na dawo da su jere a kaina ina taka ƙasa a hankali. Ba suna ake yi ba, ba aure ba, ba sadakar mamaci ba. Na tambayi Inna wa za mu ciyar haka, ta ce in je in tambayi mijina, wato kakana, don ita ma umarni aka ba ta, ba a haɗa mata da dalili ba. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne muryar turmi. Wata da watanni turmin gidanmu ƙara yake yi mai kaifi, irin wadda ke shiga haƙori. Ran nan Kaka ya sa aka buɗe ɗakin marigayiya matarsa, aka mirgino tsohon turminta da ya daɗe a kife, sai na ji gidan ya koma muryarsa ta da, mai taushi, mai zurfi, muryar dawa.

Na san shekaruna ba su kai na masu tuna baya ba. Sai dai a ƙasarmu abubuwa na tsufa da sauri. Garin da na tashi, wani ɗan gari ne tsakanin Anka da Bukkuyum, yana nan inda yake, amma wanda na sani ya tafi. A da safiya da kunne ake gane ta. Lugude ke fara tashi daga unguwar gabas, gida ya amsa wa gida, har ki iya faɗin wace mata ce ta makara. Sai kukan jakai masu zuwa rafi, sai matan Fulani da kiran nono, suna jan muryar kamar ba sa son ta ƙare. Labari kuwa a ƙafa yake zuwa. Wanda ya ci kasuwar Gummi shi ne jaridar mako, a zauna a saurare shi har da abin da ya ƙara. Yau kowa na da duniya a tafin hannunsa, abu zai faru a wata ƙasa kafin la'asar mun ga hotonsa. Amma tambayi mutum wa ya wuce ta hanyar bayan gari jiya, sai ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce bai fita ba. Labari ya yi yawa, faɗi ya yi tsada. Shi ya sa nake yawan komawa ga ranar da na ga an buɗe baki da idona.

Kaka masinja ne a zamanin Turawa. Duk garin da sunan aikin suke kiransa, har jikokin sa'o'insa. Dogo ne, siriri, idonsa ya fara raunana, yana da wata tsohuwar rigar kaki a ƙasan adaka wadda nake shanya masa sau ɗaya a shekara. Yana da rediyo mai ɗaure da tsumma a wuya, ba ya raba ta da kunnensa. Ni ce amaryarsa, shi kuma tsohon mijin da nake barazanar bari kullum saboda ba ya sayo mini alewa. Yakan ba ni labarin komai: yadda ake tafiyar kwana biyu a ƙafa da jakar fata, yadda Bature ke shan ruwan zafi da rana tsaka, yadda akawu ke lasar hatimi kafin ya buga. Amma in na ce, “To mene ne a cikin takardun?” sai ya dubi babban yatsansa na dama, ya murza shi da ɗan manuni kamar mai goge wani abu, ya ce, “Ke amarya, ɗauka anka ce in yi. Ba a ce in buɗe ba.” Na daɗe ina zaton ciwo ne a yatsan. Na taɓa kama shi na duba, ban ga komai ba sai layukan tsufa.

Sai shekarar duwatsu ta zo. Baƙi suka fara sauka, mutanen wasu jihohi masu Hausa iri-iri, da diga da fitilar goshi, suka ce akwai zinari a tsaunin da ke arewa da mu. Kafin damina ta fita, gonaki sun rasa samari. Ana haƙo dutsen a can, a kawo shi gari a buhu, mata su farfasa a turmi, a kai injin niƙa, a wanke. Mahaifina ya shiga, kamar kowa. Ba zan yi ƙarya ba, gidanmu ya ga sauyi: aka sa kwano a ɗakin Inna, muka fara cin nama ba sai da Salla ba. Ni kuwa ƙurar nake so. In Inna na daka da hantsi, rana ta ratso ta, sai ki ga tana ƙyalli shuɗi-shuɗi kamar kwalli, tana sauka a hankali a kan tabarma da murfin randa da gashin ƙanwata. Nakan miƙa hannu ta zauna mini, ina cewa a raina taurari ne aka daka. Ƙanwata a lokacin rarrafe take yi. Tsakar gidan duka tata ce, kuma duk abin da hannunta ya taɓa, bakinta ne masaukinsa.

Ranar da buhun farko ya shigo, Kaka ya sa hannu ya ɗauki dutse guda, ya kai shi kusa da idonsa, ya juya shi a rana. Ya ce wa mahaifina, “Hidda abin ga daga gidana.” Mahaifina ya durƙusa ya ce, “Baba, mi ya yi zahi? Hwaɗa mani dalili.” Kaka ya buɗe baki, ya rufe, ya dubi yatsansa. Ya ce, “Ba ni da dalilin da ni ka iya hwaɗi. Hidda shi dai.” Mahaifina mai biyayya ne, ya fitar da buhun zuwa bayan katanga, ya kwana biyu a can. Amma gari duka na daka, kuma tsoho bai ba da hujja ba, sai buhu ya lallaɓo ya dawo. Sau uku ana haka. Mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa Masinja, wasu suka ce ƙyashi ne irin na wanda ya yi wa Bature bauta ya tashi da riga ɗaya. Daga nan Kaka ya ɗauke tabarmarsa ya koma gindin tsamiyar ƙofar gida. Yakan ce in kawo masa jaririyar, ya riƙe ta a cinya yini guda, yana goge mata hannu da gefen rawaninsa. In ta yi kukan nono aka mayar da ita ciki, sai ya bi ta da ido har ta shige zaure.

Yara suka fara ciwo. Amai, sai zazzaɓi, sai jijjiga, idon yaro ya kafe sama. Aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce ta tsaunin ta biyo masu haƙa, aka yi rubutu, aka yi turare, aka yanka abin yankawa. Ina tuna yadda maza ke wucewa ta ƙofarmu da ɗan abu naɗe a tabarma, mutum ɗaya ya ishe shi ɗauka. Duk wucewa sai Kaka ya miƙe tsaye, ya daɗe bai zauna ba. Rediyonsa ba ta ce komai a kanmu ba, kamar ba ma cikin duniyar da take ba da labari. Ran wata Laraba da hantsi ƙanwata ta sanƙare a hannun Inna. Ta dawo bayan ɗan lokaci, ta yi kuka, ta kama nono, aka ce alhamdu lillahi. Da la'asar Inna ta share hawaye ta koma kan turmi, domin ba wanda ya ce mata akwai abin da ya haɗa turmin da ɗiyarta.

Kashegari wata mata ta sauka daga bayan babur a ƙofarmu, ƙura har gira, da jaka a kafaɗa. 'Yar jarida ce daga wani gidan rediyo a birni, ta ji ƙishin-ƙishin ta zo da kanta. Inuwar tsamiya ta jawo ta. Ta gaida Kaka, ta roƙi ruwa, ya ce in ɗebo mata daga tulunsa, wanda ba ya yarda a shigar cikin gida. Ta sha, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, “Baba, garinku akwai wuyar baki. Na je ɗakin shan magani, ma'aikacin ya ce shi ma bai gane ciwon ba, kuma ko yawan yaran da aka kawo masa ba zai faɗa mini ba. Wai ya sa hannu a takardar sirri ranar da ya kama aiki.”

Kaka ya sauke rediyonsa daga kunne. Ya ce, “Takardar mi?”

“Ta sirri, Baba. Duk ma'aikacin gwamnati sai ya sa mata hannu, cewa ba zai fitar da abin ofis ba sai da izini. Ni ma da kake gani na sa.”

“Mai jan hatimi bisa kai?”

Ta yi dariya ta ce, “Ashe ka san ta.”

Kaka ya dubi babban yatsansa. Can ya ce, “Ɗiyata, Bature ya tahi tun ban yi hurhura ba. Ke ce mani ya tahi ya bar takardatai tana aiki?”

Ta ce, “An sake mata riga dai, Baba. Tana nan.”

Ban taɓa ganin fuska irin ta Kaka a lokacin ba. Kamar wanda aka ce masa wani maƙiyinsa da ya ɗauka ya mutu tuntuni yana nan da rai, har ya yi jikoki. Ya tambaye ta ko za ta kwana a garin. Ta ce tana da 'yar'uwa a unguwar yamma. Ya ce, “To ki dawo gobe bayan azahar. Kada ki ci abinci.” Da ta tafi ya miƙo mini hannu ya ce, “Tashi, amarya, kai ni wurin Liman.”

Ni ce sandarsa a wannan tafiya, shi ya sa na ji komai. Liman bai kai shi shekaru ba, ɗan abokinsa ne. Bayan gaisuwa Kaka ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi damina. Sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, tambaya nika tahe da ita, ta wani mutum ce. Ya yi alwala, ya ɗora hannu bisa Alƙur'ani, ya rantse ba shi hwaɗin wani abu, ko ga mata tai, ko ga ɗa nai, ko ga malami nai. Yanzu shirun ga yana cin rayuka. Ƙaƙa za ya yi?” Liman ya dube shi, ya dubi hannun da ke murza yatsa, ya ce, “Baba Masinja, ka ce ma mutumin ga addini bai bar rantsuwa babu ƙohwa ba. In riƙe ta cuta ce, sakin ta alheri ne, to sakin shi ya hi. Shi ciyar da miskinai goma, ko shi tuhwatar da su. In ba shi da hali, shi yi azumin kwana uku.” Kaka ya ce, “Shi ke nan?” Liman ya ce, “Shi ke nan.” Kaka ya ce, “Mutum goma?” Liman ya ce, “Goma. Baba, shekara nawa mutumin ga na ɗauke da ita?” Kaka ya ce, “Tun ba a haihe ka ba.” Liman ya riƙe baki ya ce, “Subhanallahi! Mi ya hana shi tambaya?” Sai Kaka ya ce, “Ai cikin rantsuwar an ce ko ga malami nai. Ya ɗauka tambayar ma hwaɗi ce.”

A hanyar dawowa bai yi mini wasa ko ɗaya ba. Sai da muka kai bakin tsamiya ya ce, “Ta Allah ta samu ƙohwa. Saura ta Bature. Ita gidan yari ce ƙohwatta.” Na ce, “Kaka, kama ka za a yi?” Ya ce, “In sunka zo, ki kai mani hura. Kada ki yi wani miji sai na hito.”

Haka aka wayi garin akusa goma. Liman ya ce ana iya ciyarwa kafin a karya rantsuwar ko bayan an karya ta, amma Kaka ya ce shi ba zai buɗe baki ba sai cikin mutum goma ya cika. Shi da kansa ya zaɓe su, ya aike ni gida-gida. Akwai makauniyar da ke bin gidaje tana yi wa mata surfe. Akwai mai ga-ruwa, wanda babu zauren da ƙafarsa ba ta sani ba. Akwai wani baƙo mai haƙa da rami ya danne wa ƙafa, abokansa suka bar shi a masallaci. Akwai Goggo, tsohuwar Bafillatana da shanunta suka ƙare, tana tallar nonon wasu daga kasuwar Gummi har ta Bukkuyum. Sauran ma duk irinsu ne, mutanen da ake ba sauran tuwo ta bayan ƙofa ba a tambayi ra'ayinsu ba. Ran nan Kaka ya sa aka shimfiɗa musu tabarmin baƙi a gindin tsamiya. Shi ya zuba wa kowa ruwan wanke hannu daga tulunsa. Goggo ta ce, “Masinja, yau aure za ka yi, ko mutuwa?” Ya ce, “Ci dai, Goggo. Wanda duk ya zo, kin riga kin ci tuwo nai.” 'Yar jaridar ta iso, aka ba ta nata a kwano, don Kaka ya ce ita ba ta cikin lissafin, ma'aikaciya ce. Ya tsaya a kansu har aka suɗe akusa, ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambaya, “Ka ƙoshi? Tsakaninka da Allah, ka ƙoshi?” Ya ƙara wa kowa da mudun dawa a ƙulle, wai ko da wani ya ji kunya ya ce ya ƙoshi alhali da saura.

Sannan ya sa aka kira mahaifina, aka ce Inna ta tsaya a zaure inda za ta ji. Ya yi alwala. Matar ta ajiye 'yar rikodarta a kan tabarma, ta danna, na ji kaset ya fara juyawa da wani ɗan sauti kamar numfashin mai barci. Kaka ya yi bisimilla, ya dubi yatsansa sau ɗaya, ya fara.

Ya ce yana saurayi, gemunsa bai fito ba, wasu Turawa masu neman ma'adinai suka kafa sansani a bayan tsaunin nan namu. Shi ke ɗaukar takardu tsakanin sansanin da ofis. Leburori sun zo da iyalansu, matansu na farfasa dutse a bakin bukkoki. Cikin damina ɗaya yaran sansanin suka fara jijjiga, jakai da suka sha a kududdufin wankin dutse suka faɗi. Aka kawo likita Bature, ya duba, ya rubuta takarda. Kaka na tsaye a bakin tanti yana jiran a ba shi, ya ji tafinta na faɗa wa akawu cewa ciwon a cikin ƙurar dutsen yake, dalma ce a haɗe da zinarin, babba na iya ɗauka, yaro ba ya iyawa. Cikin mako guda aka cike ramin, aka sa wa bukkoki wuta, aka sallami leburori ba a gaya musu abin da ya ci 'ya'yansu ba. Wani ɗan jarida ya zo daga kudu yana tambaya, aka karɓe littafinsa, aka ɗora shi a bayan mota aka fitar da shi daga lardin. Sai aka tara akawu da tafinta da masinja. Bature ya karanta doka, tafinta ya juya, ya ce duk wanda ya faɗa zai tsufa a gidan yari. Su biyun suka sa hannu da alƙalami. Shi da bai iya boko ba, aka ce takarda ba za ta riƙe shi ba, sai aka kirawo malamin kotu da Alƙur'ani. Bayan ya rantse aka kama yatsansa aka tsoma a tawada aka danna. “Takardar likitan,” in ji Kaka, “ni na ɗauke ta da hannuna, cikin ambulan mai jan hatimi, kwana biyu ina tahiya. Dutsen ga da kuka dakawa, shi na. Na gane shi tun ranar da ya shigo gidana. Ku hidda shi daga inda yara ka rarrahe.”

Ba wanda ya yi tari. Tsamiya ma kamar ta tsaya. Na dubi mutanen nan goma, mai ga-ruwa baki buɗe, makauniyar ta juyo da kunnenta gaba ɗaya, Goggo na girgiza kai tana faɗin wani abu da Fulatanci a kan shanunta. Na dubi Kaka, sai na ga kamar ya ƙara tsawo. Ni dai a rayuwata ban ƙara ganin abu mai girma irin wannan ba: tsoho ya sauke kayan da ya ɗauka tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke wurin, a tsakiyar rana, a gaban akusa goma da ba a kwashe ba. Abin da ya katse shirun shi ne ƙarar taɓarya da ta faɗi a cikin gida. Inna ce ta bar zaure ta koma ciki ta yi jifa da ita. Mahaifina ya tashi ya shiga, ya fito da buhu a ka, hawaye na bin gemunsa. Ya yi sawu bakwai. Kafin magariba an kankare tsakar gidanmu da fartanya, an kwashe ƙasar a baro, an kai turmin dakan dutse bayan gari, an mayar da ƙanwata gidan kawunmu a wani ƙauye da ba a daka.

Washegari Kaka ya ce in fito masa da rigar kaki. Ya sa ta, ta yi masa yawa, ya ƙulla goro da carbi da bargo a ɗan ƙunshi, ya zauna a gindin tsamiya yana jiran 'yan sanda. Kwana uku yana fitowa haka tun hantsi. Duk babur da ya taso sai ya gyara zama. Goggo ta wuce ta ce, “Har yanzu ba su zo ba, Masinja? Ko in kira maka su?” Ya ce, “Aikin gwamnati ba a yi mashi gaggawa.” A rana ta huɗu ya ce in mayar da rigar adaka, kamar ma da ɗan jin haushin an raina shi.

Abin da ya zo maimakon 'yan sanda shi ne maganarsa, ta dawo mana daga waje. Unguwar gabas ta fitar da turamenta, sai ta yamma. Wani ya dawo daga kasuwar Gummi ya ce ana ta zancen wani tsohon masinja da ya yi bayani a rediyo. Wata ta zo daga wajen Bukkuyum ta ce a garinsu ma an ji, rediyo ta ce ƙurar dutse ce. Ba kowa ya yarda ba, akwai gidajen da suka ci gaba, kuma ba duk yaran da aka janye ba ne suka tsira. Amma da aka ce rediyo ce ta faɗa, waɗanda suka ce tsufa ya taɓa shi su ne suka zo gaishe shi. Mu ba mu kama shirin ba. Kaka ya ɗora laifin a kan batir, ya ce sun mutu a ranar da ta fi kowace rana. Bayan makonni likitoci suka iso da motoci da na'urori, suka auna jinin yara, suka faɗi abin da ya faɗa da kalmomin da suka fi nasa tsawo. Aka kwashe ƙasar gidaje, aka kawo sabuwa. Ƙanwata ta sha magani wata da watanni. Ta rayu. Ba ta saurin ɗaukar karatu, kuma sai an kira ta sau biyu take juyowa, amma babu mai ɗinkin hula a danginmu da ya kai ta. Kaka ya ga takunta na farko, ya ga na biyu, ya rasu a damina ta gaba. Tun daga ranar akusa ban ƙara ganin ya murza yatsansa ba.

Bara na gama karatu na samu aiki a wata ma'aikata. Ranar farko aka miƙo mini takardu in cike, a cikinsu akwai wadda ke cewa na yi alkawarin ba zan fitar da abin da na gani a ofis ba sai da izini. Na daɗe ina kallon babban yatsana. Na sa hannu, domin Inna da ƙanwata suna jiran wannan aikin. Amma daga ranar sai kewar muryar Kaka ta taso mini. Ba mu da hotonsa mai motsi, ba mu da komai, zamanin waya bai riske shi ba. Na tuna akwai kaset. Na yi ta cigiya har aka kwatanta mini gidan matar nan a birni. Ta yi ritaya, ta yi furfura, tana kiwon kaji. Ina cewa tsamiya da akusa goma, ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

Na ce ina roƙon a kwafa mini shirin da aka watsa. Ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, wane shiri? Ba a taɓa sa shi ba.” Ta ce da ta koma, shugabanta ya saurara har ƙarshe, ya ce magana ce da za ta tayar da hankalin jama'a, sai an samu izini daga sama. Ya tuna mata takardar da ta sa wa hannu. Ya sa kaset ɗin a ambulan, ya buga jan hatimi, ya kulle a ɗakin ajiya. Izinin bai zo ba har ta bar aiki.

Na ce, “To amma an ji a Gummi. An ji a Bukkuyum. Kowa ya ce rediyo ce.”

Ta ce, “Ni ma labarin ya iso ni a birni, wai gidan rediyonmu ne ya faɗa. Ki tuna su wa suka ci tuwon nan, ki tuna gida nawa kowannensu ke shiga a yini. Sun ga na danna rikoda da idonsu, sai suka ce rediyo. Wa zai saurari mai ga-ruwa in ya ce shi ya ji?”

Na fito daga gidanta ina lissafa su a yatsuna, makauniya, mai ga-ruwa, baƙo mai karyayyar ƙafa, Goggo, har na cika goma, yatsan ƙarshe babban na dama. Muryar Kaka kuwa, in ƙwari ba su cinye ta ba, tana can kwance cikin ambulan mai jan hatimi, irin wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ɗauka, tana jiran masinja.